AKWATI MAI FUSKA SHIDA: KIRA GA ƊALIBAN ƘASAR AUDUGA

Ina roƙon a ba ni fili a wannan mujalla tamu in faɗi albarkacin bakina game da wani al'amari wanda da yawa daga cikinmu suke yi wa kallon raini, alhali kuwa ni a ganina shi ne ƙofar shiga wani babban gida na ilmi. Al'amarin kuwa shi ne aikin nan na farko da akan ba mai koyon zane da kwamfuta, watau ya rubuta umarnin da zai sa na'ura ta fitar da siffar akwati a kan allonta, sa'an nan ya ba kowace fuska ta akwatin launinta, ya kuma sa shi ya riƙa juyawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta kaure a ɗakin kwananmu bayan sallar isha'i. Wani abokina, mutumin Malumfashi, wanda kowa ya shaide shi da ƙoƙari, ya tarar da ni ina fama da wannan aiki, sai ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, yanzu ubanka ya sayar da buhunan masara ya biya maka kuɗin makaranta domin ka zo jami'a kana fentin akwati? Wannan ai aikin 'yan aji ɗaya ne." Sauran 'yan ɗakin suka taya shi dariya. Ban ji haushinsa ba, gama tambayarsa tana da nauyi, kuma duk wanda ya san yadda ake tara kuɗin karatunmu, daga huɗa zuwa girbi, tilas ya yi wa kansa irinta. Amsar da ban iya ba shi ba a daren nan ita ce nake so in bayar a nan, a gaban kowa.

Bari mu fara da shi akwatin. Yana da tsawo da faɗi da tsayi, yana da fuska 6, da gefe 12, da kusurwa 8. Allon kwamfuta kuwa shimfiɗaɗɗe ne kamar tabarma, ba shi da zurfi ko kaɗan, kuma cike yake da 'yan ɗigogi ƙanana waɗanda kowannensu ke bayar da haske. Ita na'ura ba ta san akwati ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a ka ba, lamba kawai ta sani. Saboda haka dole mai koyo ya gaya mata inda kowace kusurwa take da lambobi uku, ya gaya mata waɗanne kusurwoyi huɗu ne suka haɗu suka yi fuska guda, sa'an nan ya raba kowace fuska gida biyu ta zama alwatika biyu, domin da alwatika na'urorin zane suke aiki, kasancewar kusurwoyi uku kullum suna kwanciya daidai a kan shimfiɗa ɗaya. Ka ga ke nan akwati guda ya zama alwatika 12. Wanda ya kai nan bai sa launi ba tukuna, amma ya riga ya koyi yadda ake mayar da abin da ido yake gani ya koma lissafi, wannan kuwa shi ne tushen aikin injiniya da na mai zanen gini da na mai awon ƙasa.

To, sai batun launi. A wurin na'ura kowane launi haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma a tsarin da aka fi amfani da shi kowanne daga cikinsu yana da mataki daga 0 zuwa 255. Idan ka ce 255, 0, 0 ka sami ja wur. Idan ka ce 0, 0, 0 ka sami baƙi, idan kuwa ka cika ukun duka ka sami fari. Jimlar launukan da za a iya haɗawa ta wannan hanya ita ce 16,777,216. Wani abin mamaki kuma, idan ka haɗa ja da kore sai ka sami ruwan ɗorawa, abin da duk marinin da ya san aikinsa zai ƙaryata, domin shi a wurinsa wannan haɗi ba abin da zai ba shi sai wani launi mai duhu kamar laka. Dukansu biyu suna da gaskiya. Marini yana haɗa abin da ke shanye haske, na'ura kuwa tana haɗa shi hasken kansa. Ɗalibin da ya gane wannan bambanci da hannunsa ya fahimci wani babi na ilmin kimiyyar haske wanda haddar littafi ba za ta ba shi ba.

Ni kaina ranar da na fara, na ɗauka abin ba zai ci mini rabin sa'a ba. Na rubuta kusurwoyina 8, na ba kowace launi, na sa na'ura ta zana. Abin da ya fito kuwa sai ka ce atamfar da ta zuba a wanki: ja ya kwarara cikin kore, kore ya shiga shuɗi, babu fuskar da ta tsaya da launinta. Na kwana biyu ina zargin na'ura kafin in gane laifina ne. Kowace kusurwa ta akwati mallakar fuska uku ce, kamar iyakar da gonaki uku suka haɗu a kanta, kuma idan ka ɗora launi a kan kusurwa, na'ura takan gauraya shi da na kusurwar da ke kusa a tsakanin tazararsu. In kana son kowace fuska ta tsaya da launinta, hanyar da aka saba bi ita ce ka rubuta kowace kusurwa sau uku, sau ɗaya ga kowace fuskar da take da haƙƙi a kanta, watau 24 maimakon 8. Da na gyara wannan, sai kuma fuska guda ta ɓace ɗungum, ana hango cikin akwatin ta wurin. Dalili kuwa shi ne na jera kusurwoyinta a baibai. Na'ura tana gane gaban fuska da bayanta ta hanyar yadda aka jera kusurwoyin, ko suna bin tafiyar hannun agogo ko suna saɓa mata, kuma an umarce ta da kada ta ɓata lokaci wajen zana fuskar da ta juya mata baya. Wannan umarni yana da hikima, gama duk inda mutum ya tsaya a wajen akwati ba zai taɓa ganin fiye da fuska uku a lokaci guda ba.

Waɗannan kurakurai biyu sun koya mini abin da ban samu ba a wani darasi da na taɓa zama a wata makaranta, inda aka yi mana shifta ta wata uku a kan zanen kwamfuta, muka cika littattafai da ma'anoni, muka ci jarrabawa da kyakkyawan sakamako, ba tare da ko ɗayanmu ya taɓa sa na'ura ta ja layi guda ba. Ba ina zargin malamin ba ne, domin na san halin da ɗakin na'urorin yake ciki da yadda wutar lantarki take yi mana. Amma gaskiya ɗaya ce, Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a wannan fanni yi ya kori gani. Kyawun aikin akwati shi ne kuskurenka ba ya ɓuya. Idan lissafinka ya karkace, akwatin zai fito a karkace a gaban idonka da idon kowa, babu lallashi, babu alfarma, babu sanayya.

Da aka yi hutu na tafi gida, sai na ce bari in burge mutanen gidanmu. Na zauna na zana rumbu, gangar jikinsa zagayayye, da jinka a kansa, na ba jikin launin jar ƙasa, na ba jinkar ruwan ɗorawa. Na kai wa baffana, wanda ya shekara fiye da talatin yana gina rumbuna da ɗakunan ƙasa. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ɗana, aikin ya yi kyau, amma wannan ai faifai ne, ba rumbu ba. Rana ta ina take fito masa?" Na ce, "Baffa, ban gane ba." Ya kama hannuna ya kai ni bayan gida, ya nuna mini rumbunsa da hantsi: gefen gabas yana ƙyalli, gefen yamma yana cikin inuwa, tsakaninsu kuma launin yana sauka a hankali, alhali ƙasa ɗaya aka yaɓa masa. Ya ce, "Da inuwa ake gane abu yana da ciki."

Jama'a, abin da wannan dattijo ya faɗa, wanda bai taɓa zama a aji ba, shi ne darasi na biyu a duk littafin zanen kwamfuta. Wani masani mai suna Lambert ya rubuta ƙa'idar a shekarar 1760: ƙarfin hasken da fuska take samu ya dangana ga yadda ta fuskanci mai hasken. Idan ta fuskance shi sosai ta sami hasken duka, idan ta karkace da digiri 60 ta sami rabi, idan ta kai digiri 90 ba ta samun komai. Saboda haka mai koyo yakan kafa wata 'yar kibiya ta lissafi a tsaye a kan kowace fuska, ya auna tsakaninta da inda haske yake fitowa, ya rage launin ko ya bar shi gwargwadon abin da ya samu. Shi kuma rumbu, tun da na'ura ba ta san zagaye ba, sai a yi shi da fuskoki miƙaƙƙu da yawa, 12 ko 32 ko fiye. Idan kowace fuska ta ɗauki launi guda sai rumbun ya fito da ƙarya-ƙarya kamar an sassaƙa shi da gizago. Maganin wannan wani Bafaranshe mai suna Henri Gouraud ya samo shi a 1971 a Jami'ar Yuta ta Amurka, ta hanyar auna haske a kusurwoyi a bar na'ura ta gauraya shi a tsakani. Watau gaurayar nan da ta ɓata mini akwati ita ce take gyara rumbu. Bayansa wani ɗan Biyetnam, Bui Tuong Phong, ya ƙara hanyar fitar da ƙyalli, aka buga aikinsa a 1975. A wannan jami'a dai Edwin Catmull ya bayyana a 1974 yadda na'ura za ta riƙa ajiye nisan kowane ɗigo domin abin da ke gaba ya rufe na baya, kuma shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar, wanda ya fitar da Toy Story a 1995, fim mai tsawo na farko da aka zana gaba ɗayansa da kwamfuta.

Na kawo waɗannan sunaye da shekaru ne domin mai karatu ya lura da abu guda. Lokacin da waɗannan mutane na Jami'ar Yuta suke wannan bincike ɗalibai ne kamar mu, masu neman digiri, kuma na'urorin da suka yi aiki da su ba su kai wayar da ke aljihun mafi yawanmu ƙarfi ba. A daidai waɗannan shekaru, a 1975, aka fara aikin bunƙasa noma na Funtua da taimakon Bankin Duniya, aka shigo da taki da iri da hanyoyin karkara. Iyayenmu sun karɓi abin da aka kawo musu, sun yi aiki da shi, Allah Ya saka musu. Amma masu zana aikin da masu lissafa shi da masu ƙera injinansa yawancinsu daga waje suka zo. Haka abin yake tun zamanin kamfanin BCGA da gidajen gurzar audugarsa na Funtua da Malumfashi, haka yake tun da layin dogo ya ratsa Funtua daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Mu ne masu noman auduga, wasu ne masu injin. Ga shi kuma a 2024 an buɗe tashar kaya ta kan tudu a Funtua. Tambayar da ya kamata ta hana ɗalibin wannan yanki barci ita ce: a wannan karon ma dako kawai za mu yi?

A nan ne zan amsa wa abokina kai tsaye, game da amfanin fentin akwati ga ɗan manomi. Kwantenar da ake sauke wa a irin wannan tasha akwati ce mai fuska shida, ƙaramarta tsawon ƙafa 20, tana ɗaukar kimanin mita 33 na awon ciki, kuma sanin yadda za a jera dauri-daurin auduga ko buhunan waken soya a cikinta ba tare da asarar wuri ba lissafin siffofi ne. Rumbun da faɗin cikinsa ya kai mita 2, tsayinsa mita 2, yana ɗaukar mita 6 da 'yan kai na awon ciki, kuma wanda ya iya zana shi da lambobi ya iya gaya wa manomi abin da zai ci kafin a kwaɓa ƙasa. Faifan sola da ake kafawa domin famfon ban-ruwa yana bin ƙa'idar Lambert ɗin nan sak, shi ya sa masu kafa shi a yankinmu, wanda yake kimanin digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, sukan ɗan karkata shi ya fuskanci kudu. Taswirar gona mai nuna tudu da kwari, wadda ake rina ta da launuka domin a ga inda ruwa zai kwanta da inda zai ci ƙasa, alwatika ce dubbai, kowace da launinta. Likitan da ke duba hoton cikin jikin majiyyaci a kan allo yana kallon fuskokin da wani ya koya wa na'ura rinawa. Duk waɗannan ayyuka 'ya'yan akwatin nan ne, kuma ba a hawa bishiya ta reshe.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko suna cewa ai an riga an yi manhajojin da ke yin wannan aiki da danna maɓalli ɗaya. Gaskiya ne. OpenGL yana nan tun 1992, WebGL ya shiga manhajojin bincike na intanet tun 2011, Blender kuma kyauta ake samunsa tun 2002. Yanzu ma har akwai manhajoji masu amsa tambaya, waɗanda in ka roƙe su sai su rubuta maka umarnin akwatin gaba ɗaya kafin ka sha ruwa. To amma mu tambayi kanmu, direban da bai san abin da ke ƙarƙashin bonet ba, ina yake kwana ranar da motarsa ta mutu tsakanin Bakori da Malumfashi? Wanda ya kwafo umarni ya liƙa ya sami maki, ranar da fuska guda ta ɓace ba zai san ta inda zai fara ba, gama bai taɓa jin labarin jerin kusurwa ba. Ban ce a ƙaurace wa waɗannan kayan aiki ba, ni ma ina amfani da su. Cewa na yi a yi aikin da hannu sau ɗaya tukuna, a sha wuyarsa, kana a ɗauki injin, kamar yadda ba a ba yaro keken ɗinki sai ya iya riƙe allura.

Na biyu suna cewa ba mu da wuta, ba mu da na'urori, ga tsadar rayuwa, ga matsalar 'yan bindiga da ta raba mutane da gonakinsu a wajejen Faskari da Sabuwa da Dandume, ina wani zancen launi? Wannan magana tana taɓa zuciya, kuma babu ɗan wannan yanki da zai ji ta ya yi dariya. Amma ina tuna wa masu faɗarta cewa rabin wannan darasi ba ya bukatar wuta. Da kwalin sabulu da almakashi da alli mai launi ana iya koyar da fuska da gefe da kusurwa. Da tocila a cikin ɗaki mai duhu ana iya nuna ƙa'idar haske. Da kara da zare ana iya gwada lissafin nan na Euler, masanin ƙarni na 18, cewa in ka ɗauki yawan kusurwa ka ɗebe yawan gefe ka ƙara yawan fuska, amsar 2 ce: ga akwati 8 a ɗebe 12 a ƙara 6, ga dala irin ta gyaɗar Kano ta dā 5 a ɗebe 8 a ƙara 5. Ragowar rabin kuwa kwamfuta guda ta isa mutum biyar in akwai haƙuri da tsari. Batun tsaro kuwa, ni ina ganin shi ne ma ya ƙara wajabta mana riƙe ilmi da hannu biyu, domin gona ana iya korar mutum daga cikinta, abin da ke kansa kuwa da shi zai yi hijira.

Na uku su ne masu cewa wannan ilmin Turawa ne, baƙo ne a wurinmu. Waɗannan ina roƙonsu su koma tarihi. Ibn al-Haisam, wanda ya yi zamani a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, shi ne ya tabbatar a cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana faruwa ne domin haske yana tasowa daga abu ya shiga ido, kuma a kan wannan fahimta duk zanen kwamfuta yake tsaye. A nan gida kuwa, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan jera lambobi cikin gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 ba tare da takardar zane ba, siffar tana cikin kansa. Mai ɗinkin hula yana ƙirga zare kamar yadda na'ura take ƙirga ɗigo. Matar da ke saƙar faifai ta san inda ja zai tsaya kore ya karɓa. Mai zanen dagi a fuskar soro ya san yadda rana za ta faɗa wa aikinsa da la'asar. Ashe ba baƙon ilmi ba ne, gadonmu ne ya yi tafiya ya dawo da sabuwar riga, sai dai in mu ne muka manta kamanninsa.

Saboda haka ina gabatar da shawarwari ga Ƙungiyar Ɗalibai da kuma malamanmu, ko Allah Ya sa a duba. Da farko, ƙungiya ta nemi a ba ta ɗaki guda mai wuta, ko da sau ɗaya a mako, a kafa zauren gwaji inda wanda ya iya zai zauna da wanda bai iya ba, ba tare da duban sashe ba, domin ɗalibin aikin gona da na gine-gine da na likita duk suna da rabo a ciki. 'Yan'uwanmu mata su kasance a sahun gaba, kada a mayar da su 'yan kallo.

Na biyu, ina roƙon malamai su sauya yadda ake auna mu a wannan darasi. A ce wa ɗalibi ya kawo akwatinsa yana juyawa, sa'an nan a ce ya mayar da fuskar sama ta koma shuɗiya, ko ya matsar da fitila daga gabas zuwa yamma, nan take a gaban malam. Wanda ya yi da kansa zai yi cikin minti biyu, wanda ya kwafo kuwa zufa za ta tona shi. Bayan akwati kuma, maimakon butar shayin nan ta Yuta da Martin Newell ya zana a 1975, wadda duniya ta mayar abin gwaji domin kawai ita ce ke kusa da shi a gidansa, mu ma mu ɗauki abin da ke kusa da mu: rumbu, da turmi, da tulu, da daurin auduga, da zauren gidan Sarkin Maska ko na Galadiman Katsina.

Na uku, mu daure mu yi bayanin wannan ilmi da Hausa. Ga shi na rubuta wannan takarda duka da fuska da gefe da kusurwa da alwatika, kuma ban ga inda harshen ya gaza ba. Masanan harshe na Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su zauna da masanan kwamfuta su daidaita mana kalmomi, mu kuma mu yi amfani da su har su zauna. Turanci muna bukatarsa, da shi ake rubuta umarnin, amma fahimta ta fi saurin shiga ta harshen da mutum yake mafarki da shi.

Na huɗu, kuma wannan ya rataya a wuyanmu mu ɗalibai, idan an yi dogon hutu kada mu ƙare shi a bakin titi muna gardamar ƙwallon Turai. Kowa ya koma tsohuwar makarantarsa ta sakandare, a Funtua ko Danja ko Kafur ko Malumfashi, ya nemi izinin shugaban makaranta, ya tara ƙannenmu goma ya nuna musu akwatin nan, da kwali tukuna, kana da na'ura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wa ya sani ko a cikinsu akwai wanda zai zana injin gurzar da za a ƙera a nan gida?

Shi kuwa abokina mutumin Malumfashi, ina sanar da masu karatu cewa makon jiya na same shi shi kaɗai a gaban na'urata, ya dafe kai, akwatinsa yana juyawa da fuska biyar. Ban ce masa komai ba, na dai jawo kujera na zauna kusa da shi, muka fara bin kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai wajen ƙarfe goma sha biyun dare ta shidan ta fito, kuma ihun da ya yi ya tada mutanen ɗakin da ke maƙwabtaka da mu. Har yanzu bai janye maganarsa ba, amma ya ce in ara masa na'urar ranar Asabar, wai yana so ya gwada rumbun gidansu.